Yankin Ilu a Taswirarmu

A Tamanraset aka raba ni da kwamfutata. Direban da ya kwaso mu daga bakin iyaka ya tsaya a wani kango a bayan gari, ya ce kowa ya sauke jakarsa, wai jandarmomi na tare duk motar da suka ga kaya a kanta, za a biyo mu da su da la'asar. Na fara gardama, sai wani dattijo Bazabarme da muka sha wuyar hanya tare ya taɓa gwiwata ya ce, "Ɗana, a nan ba a ja da mai mota." La'asar ta yi, jakunkuna suka iso. Ina ɗaga tawa na ji ta sakayau. Tufafina na nan, takarduna na nan, kwamfuta ce babu. Na zauna a ƙasa. Ba na'urar ce ta dame ni ba, aikin mutane da yawa ne a cikinta, kuma amana suka ba ni.

Sunana Lawali, mutumin Cadawa ne ni, kakannina daga wajen Katsina suka hauro. Kafin wannan tafiya ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata lakol, wato makarantar boko, a Agiye, aikin kwantiragi. Wani ɗan kamasho da aka haɗa ni da shi a Maradi ya ce ya samo mini gurbi a wata makarantar koyon zanen taswira a Aljeriya, ya ba ni takarda mai hatimi, ya ce in na bi ta ƙasa mutanensa za su tarbe ni a kowane zango. Mutumin farko da ya tarbe ni shi ne wannan direba.

Tun ina jami'a muka buɗe wani zaure a waya, mu ƴan kaɗan masu son tarihi, muka sa masa suna Da-a-Ce. Tambaya ɗaya muka yi wa kanmu: da a ce Turawa ba su ja layi tsakanin Maradi da Katsina ba, da a ce Gobir da Katsina sun haɗu sun zama ƙasa guda, yaya ƙasar za ta kasance yau? Wasa-wasa abin ya girma, muka shiga zana taswirarta. Aka raba ta yanki-yanki, kowa da nasa. Mutum zai zana garuruwansa, ya ba su tarihi, ya faɗi abin da suke nomawa da inda suke shan ruwa. Ni aka ɗora wa haɗawa. Kowa ya gama sai ya turo mini, in duba ko gulbin da ya fita daga yankin wannan ya shiga yankin wancan a wuri ɗaya, ko hanyar da ta taso daga garin Gazawa ba ta mutu a tsakiyar daji ba. Dokokinmu ba su da yawa. Ba ka zane a yankin wani, ruwa ba ya hawa tudu, kuma duk abin da ka ƙirƙira sai ka kawo dalilinsa daga cikin tarihin ƙasar. In rigima ta tashi, ni ake kira.

Daga wannan kango na yi wa zaure magana. Na ce babbar taswira ta ɓace a hannuna, ban faɗi inda nake ba. Na zaci za a yi mini faɗa. Sai na ga hotuna na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na sake turo yankinsa, wasu ma da gyare-gyare. Babu wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Ina cikin motar da za ta kai mu arewa, an cusa mu kamar buhuna, ina jera ƙasarmu a fuskar waya da ɗan yatsa ɗaya.

Alje, babban birnin Aljeriya, ya tarbe ni da ruwan sama mai sanyi wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na nemi makarantar na same ta. Matar da ke ofishin ta karɓi takardata, ta juya ta gaba da baya, ta kira wani abokin aikinta ya duba. Suka yi magana a tsakaninsu da Larabci, sannan ta ce mini da Faransanci, a hankali, hatimin ba nasu ba ne, kuma ni ba na farko ba ne da ya zo da irinta. Ta kawo mini kofi mai zafi, ta bar ni na zauna a kujerar baƙi har na shanye. Na kira ɗan kamashon, wayarsa a kashe. Har yau a kashe take.

Na samu wurin kwana a wani gini da ba a gama ba, tare da wasu ƴan Mali da ƴan Gine. Da safe mu tsaya a bakin hanya, mai neman leburori ya zo ya nuna wanda yake so da yatsa. Ni ba a cika nuna ni ba, hannuna na alli ne. Wani ya ɗauke ni na kwashe masa ɓaraguzai tun safe har yamma, da na gama ya ce in jira shi a ƙofa, ya fita ta baya. A garin mutane ba ka da wanda za ka kai wa ƙara, sai ka haɗiye. Abin da ya fi cin raina ba yunwa ba ce. Shiru ne. Ka tashi da safe ba ka ji sautin turmi ba, ba jaki, ba mai gaishe ka da sunan uwarka. Inna takan kira ni daga Cadawa ta ce, "Lawali, kana cin abinci kuwa? Muryarka ta canza." In ce mata sanyi ne. Ta ce an cire gero, an ajiye mini nawa damin a rumbu. In ta kashe wayar sai in daɗe ina kallon bango.

A daidai wannan lokaci zaure ya kama da wuta. Mutum biyu ne suka tayar da ita. Malama Hajara, mai aikin awon ƙasa a Katsina, ita ke riƙe da hanyoyin jirgin ƙasa na taswirar gaba ɗaya. Ta ja layinta daga Katsina zuwa Maradi, ya wuce Tibiri ya miƙe sak zuwa Gidan Rumji. Ɗayan kuwa Ilu ne, mai riƙe da yankin Gidan Sori. Ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Ba ya rubutu, murya yake turowa, da Gobirancinsa mai kauri, zanensa kuma kullum a bayan takardar buhun siminti yake yin sa da fensirin kafinta, ya ɗauki hoto ya turo. Ilu ya kafe a kan sai jirgi ya karkato kudu ya bi ta Gidan Sori. Hajara ta ce ba a lanƙwasa ƙarfe don ƙauye, ya kawo dalili. Ya ce shi dalilinsa ke nan, yana so. Ta ce to ya zana jaki ya hau. Ya ce Katsinawa dama ba su taɓa ganin abu a gefensu ba sai a gabansu. Mutane suka rabu biyu, wasu suka fara fita daga zaure. Kowa na kira na in yanke hukunci, ni kuwa ban ci komai ba tun jiya.

Na tsaya a gefen titi na ɗauki murya na tura, na ce kowa ya dakata, doka ita ce sai da dalili, a ba Ilu lokaci ya kawo nasa. Ban jima da turawa ba wayata ta yi ƙara. Lambar Aljeriya ce.

"Mushe Lawali? Ilu na." Mushe suke ce mini a zaure, kamar yadda ƴan lakol ke kiran malaminsu. "Wanga Larabci da nike ji bayanka ba na kasuwar Maradi ba ne. Ina kake?"

Na fara kame-kame. Ya ce, "Hwaɗi mini gaskiya, ba ni gaya ma kowa."

Na faɗa masa komai. Bai yi mini jaje ba, bai ce me ya kai ni ba. Cewa ya yi, "Ina Gardaya. Ka nemi mota ka taho. In ka iso tasha ka tsaya inda masu shayi suke, kar ka bi kowa."

Haka na sake juyowa kudu. A tashar Gardaya wani dogon mutum baƙi, mai tsagen Gobirawa a kumatu, ya tsaya a gabana ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya girme ni nesa. Ya ce, "Ashe ƙaramin yaro ne ke hana ni jirgi." Ya karɓi jakata ya rataya.

Ilu magini ne. Ɗaki guda suke haya da wasu mutanen Dakoro, ya matsar da tabarmarsa ya ba ni gefe. Ya kai ni wajen mai ginin da yake wa aiki ya ce ƙanensa ne ni. Ya koya mini kwaɓa siminti, da yadda ake ɗaukar bulo ba tare da baya ya tsinke ba. In hannuna ya fashe sai ya shafa mini man kaɗe da ya zo da shi daga gida, yana mita wai boko ya lalata mu. Ranar da na fara cin tuwon da ya tuƙa da garin masara da miyar kuka, sai da na juya baya don kada su ga idona.

A bakin layinmu akwai wani tsoho mai kanti, Ammi Salah muke ce masa. Shi ke barin mu sa cajin waya a kantinsa, in burodi ya kwana ya ba mu, wani lokaci ya haɗa da dabino. Ranar Juma'a bayan masallaci yakan bar mana teburin bayan kanti. A nan na sake zana babbar taswira da hannu, a kan takardun da Ilu ya yanko mini daga buhunan siminti muka manne su da gam. Wata rana tsohon ya tsaya a kanmu yana kallo, ya tambaye ni wace ƙasa ce wannan. Na ce masa babu ita, mu muka ƙirƙira. Ya ce, "To kuma faɗan me kuke yi a kanta?" Na fassara wa Ilu. Ya ce, "Ce mishi don ba a kore mu daga cikinta." Tsohon bai yi dariya ba. Ya shiga ciki ya fito da magogi da fensirori masu launi, na jikarsa, ya ajiye mana.

Rigimar jirgi na nan ba ta mutu ba. Wata Juma'a muna zaune a inuwar dabinai, Ilu na dafa shayi, na ce masa, "Yaya Ilu, ni fa ba zan karya doka don kana ciyar da ni ba. Ka ba ni dalili in kai wa Hajara."

Ya daɗe yana fifita gawayi. Sannan ya ce, "Ina da mata, Ai sunanta. Cikinta na fari ne. Naƙuda ta taso mata da hantsi, abu ya ƙi. Ungozoma ta ce a kai ta Tibiri. Damina ce, babur ba ya ɗaukar mai naƙuda, mota ba ta shigowa. Munka ɗora ta bisa amalanke, ni ka jan shanun. Rairayi, Mushe, ka san rairayin wajenmu. Tana kirana ina ce mata mun kusa. Mun hango hasumiyar waya ta Tibiri, sai Ai ta daina kira." Ya zuba shayin a kofi ya mayar a buta. "Ban iya kwana ɗakin ba bayan nan. Shi ya sa kag gane ni nan. Ni na san zane ne. Amma in ƙasar tamu ce, mu munka yi ta, ina so a ce cikinta Ai ta kai."

Na ce zan gaya wa Hajara, na san za ta yarda nan take. Ya ɗaga mini hannu. "A'a. Ba ni son a ba ni jirgi don tausayi. Ka nemo mishi dalili irin naku."

Wannan shi ne aiki mafi wuya da na yi a zaure. Muka zauna da shi muka duba abin da ƙasarsa ke da shi na gaske: wake. Muka gina tarihin wata babbar kasuwar wake a Gidan Sori, yadda fatake daga kudu suka fara yada zango a wurin saboda rijiyoyinsa, yadda aka gina manyan rumbuna, har garin ya zama inda ake yanke farashin wake na ƙasar duka. Da na kai wa Hajara sai ta ce kasuwar da ta tsiro dare ɗaya maguɗi ce, kasuwa ba ta ci sai da maƙwabta. Gaskiya ta faɗa. Sai na bi masu yankunan da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya. Ina kan tsani da bokitin siminti ina sauraron muryoyinsu, in an tashi cin abinci in ba su amsa. Mai yankin Madarunfa ya yarda manomansa na kai wake can, ya karkato da hanyar shanunsa. Mai yankin Dakoro ya ce shi sai an bar wa makiyayansa burtali da mashaya a gefen kasuwar, Ilu ya bar masa. Mai Tibiri ya ƙi, ya ce ana so a kashe masa tasa kasuwar, sai da muka yi yarjejeniya cewa gero da dawa nasa ne, wake kawai za a kai Gidan Sori. Kowane canji sai na goge na sake zanawa, har takardar ta fara hujewa a wajen.

Da komai ya daidaita na tura wa Hajara. Ta kira ni ita kaɗai ta ce, "Mushe Lawali, na san akwai abin da ba ku faɗa mini ba. Ba sai kun faɗa ba." Ba a jima ba ta turo sabon layi. Jirgi ya bar Tibiri, ya sunkuyo kudu, ya tsaya a Gidan Sori kafin ya hau Gidan Rumji. Har ƴar rumfa ta zana wa tashar.

Na miƙa wa Ilu wayar. Ya goge hannunsa a wando, ya buɗa hoton da yatsunsa masu kaushi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wane lokaci shika tsayawa?"

Na ce, "Yankinka ne, sai yadda ka ce."

Ya ce, "A sa da hantsi."

Aka sa da hantsi.

Bayan nan mun samu ɗan kwanciyar hankali. Zaure ya sake cika, waɗanda suka fita suka dawo. Ilu ya shiga zana yammacin yankinsa, yana ta tsokanar Hajara wai Gobir ta ci Katsina da yaƙi ba tare da harba kibiya ba. Ya fara maganar komawa gida in sanyi ya wuce. Ya ce mahaifinsa ya tsufa, ba mai tayar masa da dangar gona.

Ranar da abin ya faru muna haƙar ramin harsashin wani gini a gefen tudu. Ilu na ciki, ni ina sama ina karɓar ƙasa. Ban ji wata ƙara mai yawa ba. Gefen ramin ne kawai ya zame, ya rufe shi har ƙirji. Muka tono shi da hannu. Yana magana, har yana ce mana mu bi a hankali kada mu karya masa ƙafa. Mai ginin ya sa shi a bayan mota, ya sauke mu a ƙofar asibiti ya juya, ban sake ganinsa ba. Na tsaya ina tsoron za a tambaye mu takardu. Likitar da ta karɓe mu ba ta tambaya ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce jini na zuba a ciki, za su yi iya ƙoƙarinsu.

Washegari da rana ya farfaɗo ya gane ni. Ya ce in ba shi ruwa, aka ce kada a ba shi, sai na jiƙa masa leɓe. Ya ce, "Ka gai da Baba. Ka ce mishi ban yi zaman banza ba." Can kuma ya ce, "Yammacin nan ban gama ba, Mushe." Na ce zai gama. Ya yi kalmar shahada da kansa, ban ko tuna masa ba. Kafin la'asar ya cika.

Ban san yadda ake binne baƙo a ƙasar mutane ba. Ammi Salah ne ya rufe kantinsa, ya yi ta shiga da fita a ofisoshi har aka ba mu gawar. Shi ya kawo likkafani. Ya tara maƙwabtansa, mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwarmu da kyau ba, suka tsaya sahu tare da mu da mutanen Dakoro aka yi masa salla. A maƙabartarsu ba a rubuta suna. Duwatsu ake jerawa, a ɗora fasasshiyar tukunya ko wani kwano don dangi su gane nasu. Na ɗora masa butar shayinsa. Da kowa ya watse na tsaya na dubi wurin da kyau, na dubi ƙofa, na dubi katanga, na dubi tudun da ke bayanta.

Ni na kira gidansu na faɗa. Sannan na faɗa wa zaure.  Daga baya maganar yankinsa ta taso, don taswira ba ta haɗuwa da rami a tsakiyarta. Wani ya ce a ba sabon mutum ya ƙarasa. Wani ya ce a gyara kurakuransa, don akwai wata ƙorama da ya zana wadda ba ta haɗu da ta maƙwabcinsa ba. Aka ce in yanke. Na ce yankin Ilu ya rufu. Ba mai ƙara masa layi, ba mai goge masa layi. Yammacin da bai gama ba zai zauna fari. Inda zanensa ya saɓa da na maƙwabci, maƙwabcin ne zai matso ya same shi. Na zaci mai Tibiri zai yi gardama, don ƙoramar a kansa ta faɗa. Shi ya fara turo gyara.

Ban iya zama Gardaya bayan nan ba. Da aka fara kamen baƙi a unguwarmu ban gudu ba, na naɗe taswirar a cikin bargon Ilu na zauna a ƙofar ɗaki har aka zo. Ammi Salah ya biyo motar da ledar dabino, ya miƙo mini ta taga, ya ce wani abu da ban ji ba saboda ƙarar inji. Hanyar dawowa ba ni son yawan tuna ta. An sauke mu a bakin iyaka, muka taka rairayi zuwa Asamaka, daga nan Agadas, daga nan gida. Inna ta dube ni a ƙofa ba ta tambaye ni takardar karatu ba. Ruwa ta ɗora mini a wuta.

Da na ɗan murmure na hau motar Maradi, na wuce Tibiri, daga nan na hau babur zuwa Gidan Sori. Shekara ta kewayo, lokacin roron wake ne, mata na cikin gonaki da ƙwarya. Rairayin hanyar ya sa mai babur ya sauke ni mun tura a wurare da dama. 

Mahaifin Ilu, Baba Nomau, tsoho ne siriri, da tsage irin na ɗansa. Na same shi a zaure a kan buzu. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, na ajiye bargon Ilu da wayarsa da ƴan tufafinsa. Na isar da saƙon, cewa ɗansa bai yi zaman banza ba. Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko an yi masa wanka yadda ya kamata, ko an samu mutane a sallarsa, ko ya sha wuya. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe masa taswirar na nuna masa zanen ɗansa. Ya shafa takardar da tafin hannu, ya ce tun yana yaro haka yake, kullum yana zane a bangon rumbu ana dukansa. Amma na ga hankalinsa ba a nan yake ba.

Can ya ce, "Ɗana, an ce kai ka san zanen ƙasa. Ni ba ni zuwa can, ƙafata ba ta kai ni. Nuna mini inda ya kwanta."

Na dubi takarda, na ga ba ita yake nufi ba. Muka fito tsakar gida. Na share ƙasa da hannu, na tsinci kara. Na zana masa kwarin da garin yake ciki, da tudun da ke gabas da shi. Na zana katangar maƙabartar da ƙofarta, da ɗan farin masallacin da ke ciki, da dabinon da ya karkata a kusurwa. Na ce in ka shiga ka bi hannun dama, ka wuce masallacin, kafin ka kai dabinon, a jikin katanga, nan yake, fuskarsa na duban alƙibla. Na ɗauki ɗan dutse na ajiye a wurin. Matan gida suka fito suka tsaya daga nesa.

Tsohon ya tsuguna ya daɗe yana kallon dutsen. Ya ce, "Daga nan inda muke, wane waje ne?"

Na miƙe na daidaita kaina da rana. Na nuna masa arewa, na ɗan karkata yamma, saitin wani gawo da ke bayan dangarsu. Na ce, "In ka bi wancan gawon ka miƙe ba ka kauce ba, Baba, a kansa za ka tsaya."

Ya juya ya fuskanci gawon, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Da ya gama sai ga kaji sun nufo wurin suna tono. Ya kore su da sandarsa, ya kira wata tsohuwa daga cikin matan ya ce ta kawo masa babban kwandon nan. Ta kawo. Ya karɓa da hannunsa, ya kife shi a kan zanen a hankali, ya ɗora dutse a sama.

Ya ce, "Kowa ya bi ta gefe. Ilu na nan."